Ƙarfen da Ya Kira Inna

Ni ba mai fita ba ce, duk unguwarmu a Gadarif, nan ƙasar Sudan, an san haka. In ba biki ba ko gaisuwar rasuwa, ba a ganin ƙafata a waje. Ina ƙarƙashin rakubata, rumfar karan da ke tsakar gida, jabana, 'yar tukunyar gahawata, na kan gawayi, kunnena na titi. Daga zaune nake sanin wanda ya wuce. Takun maƙwabcina daban, na matarsa daban, ko mai ruwa ya sake jaki ni ce farkon sani. Karatu dai ban yi ba sai na allo da shekara uku a madarasa, amma Allah bai hana ni kunne ba.

Abin da zan faɗa ya faru ne a ƙarshen wata damina, kafin yaƙin nan ya cika mana gari da baƙi. Lokacin Inna, mahaifiyata, tana hannuna. Ta haura tamanin amma jikinta garau, in ta miƙe tafiya sai na yi da gaske nake cim mata. Kan ne ya fara zuba. Ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba. Ta yi azahar sau biyu. Wata rana ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, daga ina?"

Akwai halaye biyu na Inna da muka tashi muka tarar, ba mu taɓa tambayar dalilinsu ba. Na farko, in ta sauke tuwo ba ta kiran sunan kowa. Ludayi take ɗauka ta bugi murfin tukunya: sau biyu, ta yi shiru, sannan sau ɗaya. Ko muna bayan masallaci muka ji, mun san gida ake nema. Na biyu, ba ta yarda yaro ya riƙa kaɗa ƙarfe da sauri da sauri a gabanta. Mace ce marar duka, amma a kan wannan ta taɓa fizge cokali daga hannuna har ya yanke ni. Ga tabon nan a yatsana.

Autanmu shi ya kawo zancen. Yana da boksi, motar nan a-kori-kura, yana ɗaukar 'yan aiki da buhuna tsakanin gari da gonakin wajen Doka, babu lungun da bai sani ba. Ya shigo da yamma, ya zauna a bakin angarib, gadon nan namu na igiya, ya ce, "Yaya, kin san gidan mufattish ɗin Ingilizi, Baturen duba-gona na tsohon mashru, babbar gonar da kakanmu ya yi aiki? Mutanen ƙauyen sun share shi, sun tara tsofaffin kaya a ciki. Mathaf suke ce masa, gidan tarihi. Har 'yan makaranta ake kaiwa kallo."

Na ce, "To, Allah ya ba su abin kallo."

Ya ce, "Mu kai Inna."

Kakanmu daga yamma ya taso da ƙafa, shi da matarsa, niyyarsu Makka. Guzuri ya ƙare musu a nan, lokacin da Ingilizi suka fara shigo da injinan noma, sai ya tsaya ya yi aikin damina ɗaya. Damina ɗayar ce ta zama goma sha wani abu. A can Inna ta yi ƙuruciyarta, tana cikin yaran da ake sawa korar tsuntsaye daga dawa. Iyakar abin da muka sani ke nan. In an tambaye ta sai ta ce, "Mun zauna a can," ta ɗauko wani zance.

Auta ya ce ya ji ana cewa tsoho in ya ga inda ya yi wasan ƙasa, kansa kan dawo. Na ce wa ya faɗa maka wasa ta yi a can? Ya yi dariya ya ce ni dai tsoron mota nake, da za a ɗora rakubar nan a bayan boksi da na je har Habasha. Inna tana zaune tana jinmu. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, za ki je gidan mufattish?" Kallonsa kawai ta yi, har ya sauke ido.

Washegari na tashi na tarar ta riga ni shiri. Ta yafa tob ɗinta mai ruwan toka, ta ɗebi dabino biyu a kwano tana ƙullewa a bakin mayafin. Na ce, "Inna, ki ɗebi da yawa mana, ga shi nan." Ta ce, "Biyu ne." Na ƙyale ta. Da na sani da a nan na ce an fasa.

Ba mu samu fita ba sai bayan azahar. Mun bar kwalta muka shiga hanyar baƙar laka, irin tamu wadda in ta bushe take dadarewa har ƙafar yaro ta shige, in ta jiƙe kuma ko tarakta sai ta roƙi Allah. Dawa ta yi kai, ta fi mutum tsayi, dama da hagu kamar katanga. Ba ka ganin komai sai tsirin sama a bisa kanka. A gabas akwai wani hadari da ya yi zaune, baƙi ƙirin, bai motsi.

Na ce, "Auta, ka ga gabas?"

Ya ce, "Damina ta ƙare, Yaya. Wannan barazana ce."

Inna tana tsakaninmu, hannunta a kan ƙullin dabinon.

Gidan yana kan wani ɗan tudu. Na dutse ne, rufin kwano, da baranda ta zagaye shi, an lulluɓe ta da ragar waya da ta yi tsatsa. Manyan itatuwan dalbejiya sun yi masa rumfa. Da Auta ya kashe mota, abin da kunnena ya fara kamawa shi ne babu komai. Ga dawa ta nuna ko'ina, amma ba kukan tsuntsu ko ɗaya. Sai wani kwano da ya saki a can saman rufin, yana ɗagawa yana komawa.

Gafir ɗin gidan, wato mai gadi, ya fito yana gyara rawani. Dattijo ne siriri, ba haƙoran gaba, mai son zance kamata. Da ya ji muna Hausa sai ya washe baki ya ce ai shi ma kakarsa tamu ce, ya riƙa haɗa Hausar da Larabci. Ya ce, "Marhaba da Hajja. Tafaddali, ga matakala, a hankali."

Inna ta tsaya a gindin matakalar gaba. Taki huɗu ce kawai. Na kama hannunta na ce mu hau, na ji ta ƙame kamar turmi. Sai ta zare hannunta, ta bi gefen gidan, ba ta tambayi kowa hanya ba, ta zagaya baya. Muka bi ta. A can akwai wata 'yar ƙofa da dakali, da angarib ɗin gafir a inuwa. Ta tsaya nesa da ƙofar, ta sunkuyar da kai.

Gafir ya dube ta, ya dube mu. Ya ce, "Hajja ta san gidan nan."

Auta ya ce, "A nan ta girma."

Gafir ya ce, "Mahaifina ma ta nan yake tsayawa. Har ya mutu bai taka matakalar gaba ba, alhali Ingilizi sun daɗe da tafiya."

Muka yi muka yi ta shiga, ta ƙi. Sai na zaunar da ita a angarib, na ba ta ruwan da muka zo da shi ta sha. Daga inda take zuwa bakin dawa bai fi taki ashirin ba. Gafir ya nuna wajen da sandarsa ya ce, "Ku dai kada wanda ya shiga nan ɓangaren. Duk matmura ne, ramukan da ake binne hatsi a da. Wani ya yi tsayin mutum biyu. Murafansu sun ruɓe, ciyawa ta rufe baki. Masu gonar ma zagaye su suke yi. Bara saniya ta faɗa ɗaya, sai da wari ya nuna mana inda take."

Ni ban so shiga gidan ba. Auta ne ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, zo ki ga hoto, ina jin har da Inna a ciki." Na dubi Inna, tana zaune, tafin hannuwanta a kan gwiwa. Na ce, "Inna, yanzu zan dawo." Ta gyaɗa kai.

Ciki da sanyi, da warin jemage. Ga gadon ƙarfe mai sanduna huɗu na gidan sauro. Ga wani dogon tebur da mutum ashirin za su ci abinci a kai, gafir ya ce mutum ɗaya ke ci. A bisa teburin an rataye wani faffaɗan kyalle a jikin katako, da igiya ta bi ta ramin bango ta fita waje. Ya ce mafici ne, yaro ke zama a waje yana ja, mufattish na shan iska, ba ya ganin yaron, yaron ba ya ganinsa. Ga babban sikeli, ga fitilun kananzir, ga bulalar fatar dorina a jikin ƙusa, ta bushe ta lanƙwashe. Auta ya kai hannu zai taɓa, na buge hannun.

Hoton kuwa yara ne a jere, sun fi talatin, kowa da majajjawa a wuya, ba mai takalmi. Fuskokin ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi, duk sun dushe. Auta ya ce wannan ce, ya ce a'a waccan ce. Ni ban ga Inna ba. Na ga dai babu yaro ɗaya da yake dariya.

Ina cikin kallon ban lura gafir ya ja Auta sun fita ta ƙofar gaba ba. Muryarsa na jiyo yana cewa, "Saura babban abin. Wannan duk wanda ya zo sai na buga masa." Na leƙa. A jikin reshen dalbejiya an rataye guntun ƙarfen dogo da sarƙa, tsayin hannu. Gafir ya ɗauki wani rodi da ke jingine a gindin itacen. Ya ce, "Da wannan ake tashin 'yan aiki da asuba. Kowa ya ji, gona. Wanda ya makara, kun dai ga abin da ke jikin ƙusa."

Na buɗe baki in ce kada ya buga. Ya riga ni.

Ya shiga bugawa da sauri da sauri, ba tsayawa. Ƙarar ta shiga haƙorana. Tabon yatsana na ji yana zafi, wallahi, ko dai zuciyata ce. Auta yana dariya yana toshe kunne. Ni kuwa na juya na bi ta cikin gidan da gudu, na buge gwiwa da teburin nan, na faɗa ta 'yar ƙofar baya.

Angarib ba kowa. Takalmanta na nan a ƙasa, an jera su daidai, kansu na duban gida.

Na kira, "Inna." Na ƙara kira da ƙarfi. A bakin dawa wasu karare biyu suna rawa, sai suka tsaya.

Su Auta suka zagayo. Da ya ga takalman sai fuskarsa ta zama toka. Ya zabura zai faɗa cikin gonar, gafir ya cafke rigarsa ya ce, "Ya waladi, in ka shiga da gudu mutum biyu za mu nema." Auta ya fizge, ya karɓi sandar tsohon, ya shiga yana dogara ta a gabansa kamar makaho, yana kiran Inna. Taki goma na daina ganinsa.

A daidai lokacin iska ta taso. Hadarin nan da aka ce barazana ne ya miƙe, ya ci rabin sama. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin gonar dawa iska na kaɗawa ba, ba zai gane ba. Ganyen yana wata irin shuuu da ke haɗiye kowace murya. Ina jin Auta na kira, amma ban san ta ina ba, yanzu dama, yanzu hagu. In ni mai kunne ban san inda yake ba, ina ga tsohuwa? Ga ramuka. In ruwan nan ya sauko, laka za ta kama ƙafarta, motar ma ba mai fitar da ita sai bayan kwana biyu.

Gafir yana ta salati yana cewa shi bai sani ba, shekara nawa yana bugawa ba abin da ya faru. Na ce, "Baba, bar wannan. Ka ce wancan bugun na fita gona ne. Na dawowa fa? Da yamma da me ake kiransu?"

Ya ce, "Wallahi, ya bitti, wannan kaɗai na sani. Shi mahaifina ya nuna mini."

Ban san lokacin da na zagaya gaban gidan ba. Rodin yana ƙasa inda ya yar da shi. Ya fi yadda na zata nauyi. Na ce wa gafir ya je bakin gona ya ce wa Auta ya tsaya inda yake, ya rufe bakinsa, kada ya ƙara kira. Sannan na ɗaga da hannu biyu na buga. Sau biyu, na dakata, sau ɗaya.

Na kasa kunne. Iska kawai, da kwanon nan na rufi.

Na sake. Babu komai.

Sai na gane ina gaggawa. Tsoro ya sa na gajarta shirun da ke tsakani. Na rufe ido na nemo Inna a tsakar gidanmu na da, tana tsugune gaban murhu. Takan buga biyu, ta sauke ludayin, ta gyara ɗankwalinta da ɗayan hannun, sannan ta buga na ukun. Shirun ya kai mutum ya yi bisimilla a nitse ya ja numfashi. Na buga biyu. Na yi bisimilla, na ja numfashi. Na buga ɗaya.

Haka na yi ta yi. Ban ƙidaya ba. Ɗigon farko ya faɗo mini a goshi, mai kauri, mai sanyi. Tsakanin bugu da bugu ina tsayar da numfashi ina saurare, har sai da na ji wani abu da ba iska ba. Iska tana kwantar da kara ne gaba ɗaya. Wannan kuwa ɗaya bayan ɗaya ake turewa, a hankali, daga can nesa ta hagu, ba ta inda ta shiga ba. Taku ne, gajere, mai jan ƙafar dama kaɗan. Shekara hamsin ina jin takun nan.

Ban daina bugawa ba sai da gafir ya kira ni. Na zagayo na same ta ta fito. Ta naɗe tob ɗin ta ɗaure a ƙugu kamar yarinya, laka har ƙauri, ganyen dawa ya tsattsaga mata hannuwa. Ba ta dube ni ba. Ta wuce ni, ta wuce angarib, ta je daidai inda ta tsaya da farko, nesa da 'yar ƙofar, ta sunkuyar da kai, ta haɗa hannuwa a gaba.

Na matsa na ce, "Inna, ni ce."

Ta ce, da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba, "Ban gan ta ba."

Na ce, "Wa?"

Ta ce, "Ƙanwata. Na ce ta zauna a inuwa kada ta tashi, in kori tsuntsaye in dawo. An buga na komawa, na je ba ta nan." Ta ɗago ta dubi ƙofar, ta sake sunkuyawa. "Gobe zan duba wajen ramuka. Kada a faɗa wa Baba tukuna."

Auta ya fito daga cikin dawa a lokacin, ya ji ƙarshen maganar. Muka dubi juna. Mu dai mun tashi da sanin Inna ita kaɗai ce mace a wurin iyayenta. Gafir ya juya mana baya, yana goge fuska da bakin rawaninsa.

Ba mu yi sallama ta kirki ba. Auta ya sungume ta ya sa a mota, na kwaso takalman. Ruwan ya biyo mu a baya, motar tana zamewa tana kamawa, ban ce wa Auta na faɗa maka ba. Da ƙyar muka hau kwalta. Inna ta yi barci a kafaɗata. Da muka iso ina kwance mata tob ɗin, na ga ƙullin bakin mayafin. Dabino ɗaya ne a ciki.

Da safe ta tashi ta nemi shayinta, ta tambaye ni wa ya yayyanke mata hannu. Na ce kara ne. Ta ce, "Ni me ya kai ni wurin kara?" Na tambayi tsofaffin danginmu da suka rage, har wata gwaggo da ke Showak na sa aka kira mini. Ta ce ta taɓa jin wani abu mai kama da haka tana yarinya, amma ba a maimaita shi ba. Auta ya yi sadaka da buhun dawa, ya sa aka yi addu'a a masallaci. Liman ya tambayi sunan mamaciyar, ba mu da shi.

Tun daga ranar ba a raba Inna da ƙofa. Mai ruwan unguwarmu yakan kaɗa jikin gangarsa da ƙarfe in ya shigo layi, da sauri da sauri, don mata su fito da jarka. Rana ta uku da dawowarmu ina wanki na ji shi, na ɗago, na ga Inna ta cire takalmi ta jera su, ta kai hannu ga sakata. Na roƙe shi, yanzu in ya zo layinmu da baki yake kira. Amma gari ne. Akwai maƙeri, akwai mai gyaran mota, akwai yaran maƙwabta da gwangwani.

Na rataye murfin tsohuwar tukunyarta a jikin ginshiƙin rakuba, ludayin na kusa da shi. Da na ce ni ba mai fita ba ce, da hali ne. Yanzu ko gaisuwar rasuwa sai in aika. Ina zaune, jabana na kan gawayi, kunnena ɗaya na titi, ɗaya na ɗakinta.